Renon Tsiro a Cikin Gida, da Illar Yawan Gata

Duk wanda ya taɓa tura ƙwayar tsamiya cikin ƙasa a wani tsohon gwangwani, ya ajiye a gindin tagar zaure, ya yi ta leƙawa safe da yamma har ran da ƙasar ta tsage, wani ɗan kore ya turo a sunkuye, to ya san wani irin farin ciki da ba a sayensa a kasuwa. Kuma galibi, in zai faɗi gaskiya, ya san takaicin da ke biyo baya, ran da ya wayi gari ya tarar da ɗan tsiron nan kwance, alhali akuya ba ta taɓa shi ba, kaza ba ta tona shi ba. Ni kaina na ɗanɗana wannan, shekarar da na jera ledoji a zaurenmu cikin bazara, ina ba su ruwa sau uku a yini don tausayi, ina ɓoye su daga rana don tsoro, har suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Da na kai kukana wurin wani tsohon malamin daji, bai ko nemi ganin ledojin ba, sai ya yanke hukunci cewa gata ne ya kashe su. Na ji haushin maganar a lokacin, amma yau ita nake so in yi wa sharhi.

Dalilin shigar da tsiro cikin gida a ƙasarmu a fili yake, domin wanda ke son ya yi dashe a watan Yuli, sa'ad da damina ta zauna, wajibi ne ya shuka irinsa tun wajen Maris ko Afrilu, watau a daidai lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maraɗi, dabbobi kuma na yawo a sake suna neman duk abin da ke da kore. Sai dai kowane iri da ɗabi'arsa. Kuka da gawo da bagaruwa suna da ɓawo mai tauri wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi, har iri ya yi watanni a ƙasa yana barci. A daji cikin dabbobi ne ke tausasa ƙwayar gawo in sun ci 'ya'yansa, a gida kuwa sai a kankare gefen ɓawon da wuƙa, ko a zuba wa irin ruwan zafi a bar shi ya kwana a ciki. Dalbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro ko maina ko bedi, akasin haka take, don irinta ba ya jure ajiya: in ya yi 'yan makonni a ɗaki, ransa ya fita. Baƙuwa ce daga ƙasar Hindu, an fara dasa ta a Borno a 1928, da ita aka yi jerin katangun tare iska na kwarin Majiya a Nijar tun daga 1975, kuma ita ce alhazai ke fakewa ƙarƙashinta a filin Arfa. Amma duk wannan ɗaukaka ba ta hana wanda ya shuka busasshen irin bara ya yi ta jiran gawon shanu ba.

Abin da ya kamata mai reno ya fara sakankancewa da shi, shi ne Ubangiji bai fito da tsiro duniya hannu rabbana ba. Ganyayen nan biyu masu kauri da tsamiya ke ɗagowa da su, guzuri ne da aka ɗaura mata tun tana cikin ɓawo, shi take ci har ganyen gaskiya ya fito, sa'an nan su yanƙwane su faɗi. Mangwaro kuwa a cikin ƙasa yake barin nasa guzurin, yana tsotsa daga ƙwallo. Saboda haka zuba wa jaririn tsiro takin zamani, ko ɗanyen kashin kaji, daidai yake da ɗura wa jinjiri tuwo, ƙone saiwar kawai zai yi. Ƙasa mai laushi kashi biyu, yashi kashi ɗaya, da ruɓaɓɓen takin da ya shekara kashi ɗaya, sun wadatar. Kada kuma a binne irin fiye da ninki biyu na kaurinsa. Mazubi kuwa, ko ledar fiyawata ce ta isa, da sharaɗin a huda gindinta.

Wannan huda ita ce ta kawo mu mas'alar ruwa, inda mafi yawanmu ke yin israfi muna zaton ihsani ne. Saiwa tana numfashi kamar yadda ganye ke yi, iskar da take shaƙa kuwa tana cikin 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cika ƙofofin nan dare da rana, saiwar ta shaƙe ke nan, ganye ya yi laushi ya rusuna, mai shi kuma, da ya ga alamar da ta yi kama da ƙishirwa, sai ya ƙara kwarara ruwa, ya zama maganinsa ne cutar. Bayan haka akwai wasu ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, waɗanda ba su da wurin zama da ya fi musu ƙasa mai laima a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Su ne ke kama kara daidai inda ya haɗu da ƙasa, wurin ya sirance ya yi baƙi kamar an matse shi da farce, tsiron ya kife cikin dare ɗaya. Wanda ya kife ba ya tashi, sai a cire shi da ƙasarsa tun bai shafa wa maƙwabta ba. Mizanin da ban ga wanda ya fi shi ba shi ne ɗan yatsa: a tura shi gaɓa guda cikin ƙasa, in an ji damshi a haƙura, in an ji bushewa a ba da ruwa da sassafe har ya ɗigo ta gindi. Ruwan alwala da aka tara a kasko yana da kyau ƙwarai, na wanki mai sabulu kuwa a nisanta shi.

Sai haske. Tsiron da aka tsare a ɗaki yakan yi tsawo da sauri, fari sol, siriri, ya karkata wajen taga, har mai shi ya riƙa alfahari da girmansa, alhali wannan tsawo na neman agaji ne. Tun a 1880 masanin nan na Ingila, Charles Darwin, da ɗansa Francis suka gwada rufe kan tsiron ciyawa da 'yar hula, suka ga ya daina karkata, suka fahimci cewa kan ne ke ganin haske ya aika da saƙo ƙasa. Daga baya aka gano sinadarin da ke ɗauke da saƙon, wanda ke taruwa a gefen inuwa ya sa gefen ya fi miƙewa. Juya gwangwani kowane kwana biyu yana gyara karkata, amma ba ya gyara rauni. Abin da ke gyara rauni shi ne hantsi, da kuma iska, domin karan da iska ke kaɗawa yakan yi kauri ya yi gajarta, wanda ba ta taɓa shi ba kuwa ba shi da dalilin yin ƙarfi. Shi ya sa na fi ƙaunar rumfar zana a tsakar gida bisa ɗaki, komai kyan tagarsa.

Akwai kuma aikin da ke gudana a ɓoye. Itatuwan Sahel, musamman gawo, saiwa suke fara zurawa ƙasa kafin su damu da reshe. In ta iske gindin leda sai ta naɗe kamar gammo, ko ta bi ta huda ta kama ƙasan rumfa. Don haka ake ɗaga ledoji a gusa da su duk bayan mako biyu, a datse abin da ya leƙo, kuma ba a barin irin waɗannan su wuce wata uku zuwa huɗu a cikin leda. Magabata ba su jahilci wannan fanni ba, don Ibnul Awwam na Ishbiliya a Andalus ya tara ilmin ƙasa da taki da ban ruwa da auren itatuwa a cikin Kitabul Filaha tun ƙarni na 12. Ambaton aure ya tuna mini da wata nasiha: ƙwallon mangwaro mai daɗi ba lalle ya haifi mai daɗi ba, sai an yi masa aure da reshen uwa ta gari, ƙwallon dabino kuma kusan rabinsa maza yake fitowa, ba a kuwa rarrabewa sai ya yi fure bayan shekaru.

Ƙarshen reno yaye ne, kuma ba a yin sa rana ɗaya. Tun saura mako biyu ko uku a yi dashe ake fara zare zanar rumfa kaɗan-kaɗan, yau hantsi, gobe har zuwa walaha, a kuma rage ruwa har ganye ya ɗan ji jiki, domin tsiron da aka ɗauko daga inuwa aka dasa a fili kai tsaye, rana ɗaya ta isa ta babbake shi. Idan an sami ruwan sama mai nauyi wanda ya jiƙa ƙasa kamu ɗaya ko fiye, sai a fita da yamma, a tsaga ledar da reza ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba, a miƙar da saiwar da ta naɗe ko a yanke ta, a dasa daidai zurfin da yake a da, a taka gefen, a yi masa ɗan gurbi mai tare ruwa. Sa'an nan a kewaye shi da ƙaya ko tsohon kwando tun kafin a bar wurin, don akuyar unguwa ba ta jiran gobe.