Alamar nan mai ɗigo-ɗigo bisa kwalin magani

A bisa kwalin magani, ko buhun iri, ko katin rigakafi, mukan ga wata ƴar alama mai kusurwa huɗu, cike da ƙananan gidaje baƙaƙe da farare kamar gidajen dara. Sunanta QR. Rubutu ne, amma na wayar salula mai ɗaukar hoto. Idon mutum ba ya karanta shi.

Wani kamfanin ƙasar Japan, Denso Wave, ya ƙago ta a shekarar 1994 don bin sawun kayan mota cikin masana'anta. Tsohuwar alama mai zane-zane a tsaye, wadda ke bisa yawancin kayan kanti, lambobi 13 take ɗauka. Ita kuwa QR tana iya ɗaukar har 7089, domin a tsaye da a kwance ake karanta ta.

Mu duba da kyau. A kusurwa uku akwai manyan idanu uku. Su ne ke nuna wa waya inda kan rubutun yake, ko da mun riƙe kwalin a juye. Kuma akwai ƙarin gidaje na gyaran kuskure. Saboda haka mafi ƙarfinta tana karantuwa ko da wajen kashi 30 cikin 100 ya goge, abin da ya dace da buhun da ya sha ƙura da zufa a amalanke.

Aiki da ita ba wuya. A buɗe wurin ɗaukar hoto, a saita shi bisa alamar, a tsai da hannu. Sai rubutu ya fito, galibi adireshin intanet ne, wanda ba ya buɗewa sai da layi da kuɗi cikin waya.

Ga inda muke jan kunne. Alamar ba hatimin gaskiya ba ce. Mai jabun magani yana iya kwafe ta daga kwali na ƙwarai, ɓarawo kuma yana iya manna tasa bisa ta asali. In ta nemi lambar sirrin kuɗinmu, mu rufe nan take. Maganin ɗan Adam mu saye shi a farmasi ko gidan likita, mu karanta ranar lalacewarsa da idonmu. Na ƙwari kuwa, mu nuna wa malamin gona kwalbar kafin mu zuba a famfon feshi.