Gargaɗi Ga Ƴan Kasuwa da Matasan Fagge da Sabon Gari

Jama'ar Kantin Kwari, Wapa, Singa da Kasuwar Abubakar Rimi, a saurara da kyau.

Ciniki da duniya tsohon abu ne a wurinmu. A da, a Fagge ayarin Buzaye da Larabawa suke sauke raƙuma, Sabon Gari kuwa ta kafu ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Yau daga Guangzhou atamfa take zuwa, a Wapa ake canjin dala. Duk wannan harka amana ce ta riƙe ta. Maigida yana ba yaronsa dila bashi ba tare da takarda ba, bayan shekaru ya sallame shi da jari. Ƴan layi suna adashi, wanda ya karye a yi masa karo-karo.

Wannan tsari ne yake cikin haɗari yanzu. Wayar hannu ta shigo mana da ɗabi'ar Turawan Yamma ta kowa tasa ta fisshe shi. A can, mutum yana da inshora da fansho da bankin da zai ɗaga shi idan ya faɗi. Mafi yawanmu ɗan'uwa da maƙwabcin rumfa kaɗai muke da su. Wanda ya yanke su ya zama tsirara.

Mun ga alamun. Yaro ya bar kanti bai gama koyon ciniki ba, ya zuba jarinsa a intanet shi kaɗai. Harkar zuba jari ta bogi MMM ta cinye kuɗin mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025. Wani ya ci bashin manhaja don kada dangi su sani, kwana kaɗan aka aika saƙon tozarci ga duk lambobin wayarsa.

A tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 da ambaliyar Kwari ta 2022. Dangi da masu bin bashi da suka ɗaga ƙafa su ne mafakar farko.

Saboda haka:

Matasa, kada ku saka kuɗi a inda ba ku san fuskar kowa ba. Ku nemi shawarar manya tukuna.

Iyayen gida, ku sallami yaranku a kan lokaci. Riƙe yaro shekara goma ba jari shi ke tura shi hannun ƴan damfara.

Shugabannin kasuwa, ku raya adashi da asusun taimakon juna, Bahaushe da Ibo da Bayarabe baki ɗaya.

A isar da wannan saƙo kowane layi da kowace majalisa tun yau. Allah Ya tsare mana dukiya da zumunci.