Shin Ko Kun San? Bututun Bindigar Iska Da Harbi A Fili

Shin ko kun san harsashin bindigar iska mai faɗin milimita 4.5 nauyinsa kusan rabin giram ne kacal? 'Yar dalma ce mai dunƙulallen kai, tsukakken ƙugu da buɗaɗɗen gindi mai rami. Gindin nan ne ke riƙe kan ya ci gaba da kallon gaba, amma shi ne kuma ke cinye masa gudu da wuri.

Ko kun san wannan raguwar gudun ita ke ba iska damar kautar da shi? Tun a ƙarni na 19 wani hafsan sojan Faransa, Isidore Didion, ya nuna cewa kaucewar harsashi tana bin yawan jinkirin da turjiyar iska ta jawo masa a hanya. A nan bututu ke da hannu. Harsashin da ya fita yana rawar kai zai riƙa ba iska gefensa, turjiya ta ƙaru, kaucewa ta ƙaru. Ni a ganina duk darajar bututu tana nan: ya sallami harsashi a miƙe.

Cikin bututun akwai siraran tsagogi da suka murɗe, su ke sa harsashi juyawa kamar katantanwar yara, wadda muddin tana juyi ba ta faɗuwa. Bututun kamfanin Lothar Walther na Jamus da aka fi sani tsaga 12 gare shi, harsashi kuma yana cika juyi ɗaya a kusan santimita 45. Sai dai juyin ma in ya yi yawa matsala ne. Gudun gaba yana mutuwa kafin juyin ya lafa, shi ya sa a nesa masu kallo ta madubin saiti kan ga harsashi ya fara zagaye a sama maimakon ya tafi sak. Kamfanin FX na Suwidin ya taɓa fito da bututun Smooth Twist, sumul daga farko, sai dab da baki aka matsa masa murɗa kaɗan daga waje.

Shin ko kun san da gangan ake ɗan tsuke bakin bututu da dama, don kowane harsashi ya fita da faɗi iri ɗaya? Leɓen bakin kuwa, in ya samu tabo ko da ido bai gani ba, iskar da ke bayan harsashi za ta riga tserewa ta gefe guda ta karkata masa gindi. Shi ya sa gwanaye ke shigar da abin goge bututu ta baya, ba ta baki ba.

Wani abin mamaki: iskar gefe ba gefe kaɗai take turawa ba. Saboda juyin harsashi, in ta taso daga wannan ɓangare sai ya ɗan ɗaga, daga wancan kuma ya ɗan sauka.

Tsawon bututu fa? A bindiga mai tankin matsattsiyar iska yana ƙara gudu, amma shi kaɗai ba ya gyara saiti. Gudun ma yana da iyaka: in ya kusanci saurin sauti, kimanin mita 340 a daƙiƙa, harsashi mai ƙugu sai ya rikice.

A gasar Olamfik, inda harbin bindigar iska na mita 10 ya shiga a 1984, cikin zaure ake harbi, ɗigon tsakiya kuma faɗinsa rabin milimita ne. Masu fama da iska su ne 'yan gasar fili da ta samo asali a Birtaniya a farkon shekarun 1980, inda ake harbi har zuwa kimanin mita 50, dokar Ingila da Wales kuma ta ƙayyade ƙarfin bindigar da ba ta buƙatar lasisin makami a kusan jul 16. A irin wannan nisa, in iska ta taso, maharbi kan ɗora saitinsa a wajen ramin abin harbin da yake son harsashin ya shiga.