Fedar Jita: Mai Aiki Ɗaya ko Mai Karɓar Tsari

Jitar lantarki ba ta da amo mai ƙarfi na kanta. Idan aka kaɗa tsirkiya, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta ne ke mayar da girgizar ta zama ɗan motsin lantarki, waya ta kai shi na'urar ƙara sauti, lasifika ta fito da shi. A tsakanin jita da wannan na'ura makaɗa ke jera wasu ƙananan akwatuna a ƙasa, suna taka su da ƙafa tunda hannuwa biyu na kan aiki. Su ake kira feda. Wata tana sa amo ya yi kaushi, wata ta maimaita shi ya zama amsa-kuwwa, wata ta sa ya riƙa lilo.

Fedar asali aiki ɗaya aka ƙera ta ta yi. Kamfanin Gibson na Amurka ya fitar da Maestro Fuzz-Tone a 1962, amma ba ta yi kasuwa ba sai a 1965, da Keith Richards na ƙungiyar Rolling Stones ya kaɗa da ita a waƙar Satisfaction. Boss na Japan ya fara ƙananan fedojinsa a 1977, DS-1 ɗinsa ta 1978 kuwa har yau ana ƙera ta. Irin wannan feda maɓallai uku ne galibi a fuskarta, abin da ido ya gani shi kunne zai ji, kuma batir mai volt 9 yakan daɗe a cikinta. In ta lalace, mai gyaran rediyo zai iya buɗe ta ya sauya taransista. Akwai ma abin da har yanzu ke da wuyar kwaikwayo: Fuzz Face ta 1966, wadda Jimi Hendrix ya yi suna da ita, tana sauraren maɓallin ƙarar da ke jikin jitar. Makaɗi ya ɗan rage shi da ƙaramin yatsa sai kaushin ya washe, ya mayar sai ya dawo. Wahalar ita ce kowane amo da akwatinsa da wayarsa da kuɗinsa, kuma mai son sauya amo uku a tsakiyar waƙa sai ya yi taku uku cikin ƙiftawar ido.

Feda mai karɓar tsari ƙaramar kwamfuta ce. Tana auna sautin jita sau 44,100 ko 48,000 a daƙiƙa, ta mayar da shi lambobi, ta yi lissafi a kansu, sannan ta sake mayar da shi sauti. Kamfanin Line 6 ya yaɗa wannan hanya da POD a 1998, wani jan akwati mai siffar ƙwayar wake, ya biyo da Helix a 2015. A nan makaɗi na haɗa amo biyar ko shida, ya adana su da suna ɗaya, taku guda ya kira su gaba ɗaya. TC Electronic na Denmark ya bi tsaka-tsaki a 2011 da TonePrint: fedar aiki ɗaya ce, amma ana kara wayar salula a maganaɗisun jita a tura mata sabon tsari. Can ƙarshe kuma akwai irin su OWL, waɗanda mai su ne ke rubuta musu manhaja da kansa. Waɗannan sun dace ne kawai da mai sha'awar rubuta manhaja, don lokacin da suke ci daga lokacin atisaye yake fita.

Tsohon ƙorafin cewa amon kwamfuta ba shi da rai ya yi rauni ƙwarai, jinkirin lissafin ma bai kai abin da yawancin kunnuwa za su lura ba. Matsalolin da suka rage na filin wasa ne. Gyara amo yana bukatar shiga shafi bayan shafi a ɗan ƙaramin allo, abin da ba ya yiwuwa ana tsakiyar kiɗa. In na'urar ta mutu, duk amon ya tafi tare, gyaranta kuma sai masana. Darajarta na faɗuwa da zarar sabuwa ta fito.

Don haka yanayin aiki ne ya kamata ya yanke hukunci. Mai kiɗan salo iri-iri a dare ɗaya, ko mai yawan tafiya da kaya kaɗan, mai karɓar tsari ta fi masa. Ɗan koyo ma gara ya fara da mai rahusa daga cikinsu, ya san amon da yake so kafin ya zuba kuɗi. Amma makaɗin biki a yankin Agadez, inda makaɗin jita Bombino ya fito, wanda ke wasa a fili cikin ƙura da wutar janareta, feda biyu ko uku masu batir sun fi masa amana.

Kowacce aka zaɓa, a duba wutar da take sha. Galibin ƙananan fedoji volt 9 ne, amma masu kwamfuta na jan wuta ninkin-ba-ninkin, batir ba ya riƙe su. Adafta mai volt da ya wuce ƙima, ko wadda kan filoginta ya juye, tana iya ƙona feda nan take.