Tuwon Damina Tun Da Kaka Ake Tuƙa Shi

Kowane manomi ya san yadda shekara ke juyawa a gona: kaka, da rani, da bazara, da damina. To, haka take juyawa a gindin murhu. Wanda ya leƙa tukunyar uwargida a ƙauyukan Kano, ko Katsina, ko Damagaram, ba sai ya tambayi watan da ake ciki ba, miyar ta isa ta gaya masa. Amma fa lokatan nan ba su zama ɗaya ba wajen ƙoshi. Akwai na yalwa, akwai na tsanani, kuma gidan da ya yi sakaci a na yalwa shi ke kuka a na tsanani.

Kaka ita ce lokacin yalwa. Gero kan nuna cikin kamar kwana 90, saboda haka tun ƙarshen Agusta ko cikin Satumba yara ke gasa tumu, mata na dama furar sabon gero. Wake da gyaɗa su biyo baya, dawa kuwa sai wajen Nuwamba ko Disamba. Ga kabewa ta miyar taushe, ga ɗanyar kuɓewa, ga yakuwa. Ana fid da zakka, ana ɗaura aure, ana kalankuwa da dambe, baƙo ba ya fita gida da yunwa. Duk wannan alheri ne. Haɗarin da ke ciki ɗaya ne, watau a lokacin nan ne hatsi ya fi arha, a lokacin nan ne kuma maigida ya fi bukatar kuɗi, don biki da tufafi da biyan bashi. Sai ya ɗebi hatsi ya kai kasuwa bai yi lissafi ba.

Lissafin kuwa ba wuya gare shi. A ce gida yana cin tiya 2 kowace rana, tuwon dare da kunun safe da furar rana. A shekara tiya 730 ke nan. In an ɗauki buhu a kan tiya 40, ya kama buhu 18 da tiya 10. Ban da iri, ban da baƙi, ban da suna da rasuwa. Lalle ne maigida ya zauna da uwargida su yi wannan lissafi kafin a sayar da ko dami ɗaya, gama ita ke riƙe da ƙwaryar awo, ita ta san abin da tukunya ke ci. Abin da ya yi saura bayan wannan, shi ne na kasuwa.

Bayan lissafi sai ajiya. Gero da dawa sun fi daɗewa in an zuba su a rumbu da zangarniyarsu, ba a sussuke ba, muddin sun bushe sarai, rumbun kuma ba ya yoyo. Wake ne mai wuyar sha'ani, don ƙwaro kan huda shi cikin 'yan watanni. Mutanen da sukan gauraya shi da toka ko yashi. Tun wajen 2007 kuma aka soma yaɗa wani buhu mai riɓi uku a Nijeriya da Nijar, leda biyu a ciki, buhu a waje. In an shanya wake ya bushe, aka ɗaure kowane riɓi tam, iska ba ta shiga, ƙwaron sai ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Gyaɗa da masara kuwa, duk wadda ta yi funfuna a fid da ita, kada a ce a ba yara, domin gubar da ke ciki tana ɓata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Uwargida ma tana da nata rumbun, ko da yake ba a ganinsa daga waje. Kafin ganye ya ƙare takan tsinki kuka da karkashi da zogale, ta yanka kuɓewa, ta shanya. Ganye ya fi kyau a inuwa, don rana tana cinye korensa da amfaninsa. Da hunturu ya shigo, sanyi ya kama, iyali kan taru a bakin wuta, ga kunun tsamiya da ƙosai da safe, ga tuwon dawa miyar kuka da dare, tsofaffi na yi wa jikoki tatsuniya. Samari da yawa sun tafi cin rani, bakin da ke ci ya ragu, hatsi ya sami sauƙi. Da kayan lambu suka fito daga fadama, tumatir da tattasai da albasa suka yi arha, mace mai dabara takan saya ta yanka ta shanya, don ta san da damina za su yi tsada.

Bazara lokacin zafi ce, da sharar gona, da jiran hadari. A nan ɗorawa ke nuna. Yara su sha garinta, mata su tara kalwa su dafa daddawa, wadda ke riƙe miya har shekara ta zagayo. A nan kuma ya kamata a tara itace da kara a inda ruwa ba ya taɓawa, don ɗanyen itace da damina sai hayaƙi da hawaye, ga tuwo ba ya nuna da wuri.

Sa'an nan damina. An ce da ita uwar albarka, gaskiya ne, amma albarkarta sai gaba ake ci. Daga Yuli zuwa marka cikin Agusta, aiki ya fi na kowane lokaci yawa, rumbu kuwa ya kusa ƙasa, hatsi ya hau a kasuwa. Maza na noma tun asuba, sai an kai musu fura gona, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A nan gwanintar mata ke bayyana. Su yi fate da tsaki kaɗan da rama ko yakuwa mai yawa, su yi kwaɗon zogale ko na tafasa da ƙuliƙuli, su yi dambu, su yi ɗanwake. Tiya ɗaya ta yi aikin biyu. Amma ƙananan yara da masu ciki da masu goyo su ne yunwar nan ta fi kayarwa, ga kuma zazzaɓin sauro, saboda haka su ya kamata a fara zuba wa, a ƙara musu wake da gyaɗa.

Manomin da rumbunsa ya ƙare a wannan lokaci tilas ya bar gonarsa ya tafi ƙwadago a ta wani, ko ya ci bashin hatsi ya biya da riɓi in kaka ta yi. Gonarsa ta cika da ciyawa, amfanin baɗi ya ragu, wahala ta haifi wahala. Ƙasar nan ta ga yunwar Kakalaba a 1914, ta ga farin 1973, ta san ba kowace damina ke cika alkawari ba.

Saboda haka, kafin a ɗora wa jaki dami a nufi kasuwa, a tuna da marka. Ajiya maganin wata rana. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa rumbu ya kai baɗi.