Dodon koɗin tabki da ciwon tsargiya: bayani a kan binciken Philippe Jarne

1. Gabatarwa

A ƙasar Arewa, daga Dogonduci zuwa Tibiri, tabkunan Dallol Mawri suna cika da damana, mafi yawansu kuma su ƙafe da rani. A irin wannan ruwa ne yara suke ɗaukar tsargiya, wato fitsarin jini. Tambayar ita ce: in tabki ya ƙafe har laka ta tsattsage, ta yaya dodon koɗin da ke yaɗa ciwon yake sake cika shi? Wannan ƙasida za ta kawo amsar da ta fito daga binciken Philippe Jarne, tare da kalmomin da muke ba da shawarar a yi aiki da su a Hausa.

2. Dodon koɗi da tsutsa

Koɗi shi ne ɓawon, dodon koɗi kuwa shi ne mai ran da ke ciki. Irin da ya shafe mu, masana suna kiransa Bulinus, kuma bai fi ƙwayar wake girma ba. Ƙwan tsutsar tsargiya yana fita cikin fitsarin marar lafiya, ya ƙyanƙyashe a ruwa. Ƴaƴan su shiga jikin dodon koɗi, su hayayyafa, sa'an nan su fito su huda fatar mai wanka. Robert Leiper ne ya tabbatar da wannan zagaye a Masar a shekara ta 1915.

3. Binciken

Jarne masanin halittu ne na cibiyar CNRS a Mompeliye, ƙasar Faransa. Ya yi nazarin yadda Bulinus yake haihuwa. Kowane ɗaya mata-maza ne (hermaphrodite). Sai dai a lura: ga mutum wannan kalma tana nuna tawaya, ga dodon koɗi kuwa ita ce asalin halittarsa. Yana iya haɗuwa da wani, abin da za mu kira barbarar juna (allofécondation), yana kuma iya haihuwa shi kaɗai, wato barbarar kai (autofécondation).

A shekarun 1990, Jarne da ɗalibansa Frédérique Viard da Claudie Doums sun yi aiki tare da Rabiu Labbo na cibiyar CERMES ta Yamai a kan Bulinus truncatus na tabkunan Nijar. Sun gwada ƙwayoyin gado, sakamakon da suka buga a 1996 ya nuna barbarar kai ita ce mafi rinjaye nesa ba kusa ba. Sun kuma yi nazarin waɗanda ba su da gaban namiji sam (aphalliques). Irin waɗannan suna barbarar kai, suna karɓa daga wani, amma ba su iya ba wani. Gado yana da hannu a wannan hali, haka ma zafin ruwa.

Amsar tambayarmu ke nan. Da rani wasu kaɗan suna shigewa cikin laka su kwanta har ruwa ya sauka. Ko ɗaya ne ya tsira, ba ya bukatar abokin haihuwa, shi kaɗai ya isa ya sake cika tabkin.

4. Abin da ya biyo baya

Jarne bai tsaya ga Bulinus ba. A 1993 shi da Deborah Charlesworth sun kwatanta barbarar kai a tsirrai da dabbobi. Daga baya ya yi aiki a kan wani iri mai suna Physa acuta, da kuma zaman ire-iren dodon koɗi a tabkunan tsibirin Gwadalup.

5. Kammalawa

Tun 2004 aka fara rabon maganin praziquantel ga ƴan makaranta a Nijar. Maganin yana kashe tsutsar da ke jikin yaro, amma bai taɓa dodon koɗin da ke tabki. Zuba guba a ruwa ma bai isa ba, tunda wanda ya tsira shi ne iri. Abin da ke katse zagayen shi ne hana fitsari shiga tabki da samar da ruwan rijiya ko na famfo. Wannan bayani kuwa ba zai kai ga iyaye ba sai malaman makaranta da na asibiti sun yi shi da Hausar da mutanen Arewa suke ji.