Katafila, Coci da Kuɗin Fansho: Me Ya Sa Kiristocin Turai da Amurka Ke Gardama Kan Janye Jari Saboda Falasɗinu?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari sauti.

Yau daga Kantin Kwari za mu fara. A ce kai mai shago ne a Kwari, kana da wani dila da ka zuba wa kuɗi, yana shigo da atamfa da shadda, duk ƙarshen shekara ana raba riba. Sai wata rana ka ji labari cewa wani ɓangare na kuɗin nan yana shiga wata harka da zuciyarka ba ta yarda da ita ba. Hanya uku ce a gabanka. Ko ka yi shiru ka ci gaba da karɓar ribarka, ko ka zauna da shi ka yi masa faɗa a matsayinka na mai kaso, ko ka ce a lissafa maka kuɗinka ka fita. To wannan ta ukun ita ce janye jari, kuma a kanta ne manyan coci-coci na Amurka da Ingila suka shafe sama da shekara 20 suna kai ruwa rana game da rikicin Isra'ila da Falasɗinawa.

Kafin mu yi nisa, mu raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Ƙaurace wa kaya aikin mai saye ne: ka daina sayen lemon wani kamfani ko sabulunsa. Mu a Kano mun san wannan. A 2006, lokacin zanen ɓatancin jaridar Denmark, 'yan majalisar dokokin jiha sun ƙona tutar ƙasar, aka kuma yi ta kiran a bar kayansu. Janye jari kuwa aikin mai hannun jari ne: kuɗinka na cikin kamfanin, sai ka sayar da kasonka ka fita.

Wani zai ce, to coci kuma ina ta ga hannun jari? Ai manyan coci-cocin can suna da asusun fansho na limamansu da ma'aikatansu, da dukiyar da mabiya suka bar musu wasiyya. Kuɗi ne masu yawa, kuma ba a ƙarƙashin katifa ake ajiye su ba, a kamfanoni ake juya su. Tun da daɗewa da yawansu suna da ƙa'idar cewa ba sa zuba kuɗi a taba, caca ko wasu makamai. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya buɗe asusu a Jaiz, bankin da ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, don gudun kuɗin ruwa, ya san ma'anar a ce kuɗi ma suna da inda ya halatta su kwana.

Yanzu ga inda katafila ta shigo. Kun san motar rusau da muke kira katafila? Sunan kamfanin Amurka ne, Caterpillar. Sojojin Isra'ila suna amfani da wani samfurinsa mai suna D9, wanda suke yi wa sulke, wajen rushe gidaje a yankunan Falasɗinawa. A ranar 16 ga Maris 2003, irin wannan motar ce ta take wata Ba'amurkiya 'yar shekara 23, Rachel Corrie, a Rafah da ke Zirin Gaza, tana ƙoƙarin hana a rushe wani gida. Sojojin sun ce direban bai gan ta ba, abokan tafiyarta sun ce ya gan ta. Shi kuma kamfanin matsayinsa shi ne ba shi da iko da yadda mai saye zai yi amfani da injin bayan ya bar hannunsa.

A 2004 cocin Presbyterian ta Amurka ta yanke shawarar fara bin matakan janye jari daga wasu kamfanonin da ke cin riba da mamayar. Abin ya tayar da ƙura sosai. Shekara goma suka yi suna rubuta wa kamfanoni wasiƙu, suna zama da su, suna gardama a tsakaninsu. A 2012 aka kaɗa ƙuri'a, masu son a janye suka faɗi da 331, masu adawa 333. Ƙuri'a biyu kacal. A 2014 a birnin Detroit aka sake, wannan karon masu son janyewa suka ci da 310, masu adawa 303. Kamfanoni uku abin ya shafa: Caterpillar, da Hewlett-Packard saboda na'urorin tantance mutane a shingayen bincike, da Motorola Solutions saboda kayan sadarwa da sa ido. Kuɗin sun kai kimanin dala miliyan 21. Ku lura da abu ɗaya: a cikin ƙudurin sun rubuta cewa sun yarda Isra'ila na da 'yancin wanzuwa, kuma ba su shiga gangamin BDS na duniya ba, wato kiran da ƙungiyoyin farar hula na Falasɗinawa sama da 170 suka yi a Yulin 2005 na a ƙaurace, a janye jari, a sa takunkumi. Duk da haka Firaminista Netanyahu ya kira matakin abin kunya.

A Ingila kuma labarin ya ɗan bambanta. A Fabrairun 2006 babban taron Cocin Ingila ya goyi bayan a janye daga Caterpillar, kuma shugaban cocin na lokacin, Rowan Williams, yana cikin masu goyon baya. Wanda ya gada, George Carey, ya fito ya ce abin ya sa shi jin kunya. Kwamitin da ke ba da shawara kan zuba jari bai bi ƙudurin ba. Sai daga baya aka sayar da hannun jarin, aka ce dalilin kasuwa ne kawai.

Wasu sun biyo baya. United Church of Christ ta amince da janyewa a 2015. A farkon 2016 hukumar fanshon cocin United Methodist ta sa bankunan Isra'ila biyar a jerin waɗanda ba za ta zuba wa kuɗi ba. A 2024 babban taronsu ya nemi a daina sayen takardun bashin gwamnatocin da suka daɗe suna mamayar soja, aka ambaci Isra'ila, Turkiyya da Maroko. Wannan cocin ba nesa take da mu ba, domin tana da ɗimbin mabiya a Taraba, cibiyarta a Jalingo.

To mece ce hujjar kowa? Masu goyon baya suna cewa: ba ma so mu ci fansho da ribar rushe gidan wani. Suna kuma cewa 'yan'uwansu Kiristocin Falasɗinu ne suka roƙe su. Eh, akwai Larabawa Kiristoci a Baitalami, Kudus da Gaza, tun farkon addinin suna nan. A Disambar 2009 wasu malamansu suka fitar da takardar da ake kira Kairos Falasɗinu, suna neman coci-cocin duniya su matsa lamba ta hanyar tattalin arziki ba tare da makami ba. Asibitin Al-Ahli na Gaza da kuke ji a labarai, cocin Anglican ce ke tafiyar da shi. A Oktoban 2023 harin sama na Isra'ila ya faɗa harabar tsohuwar cocin Porphyrius a Gaza, ya kashe mutanen da suka fake a ciki.

Masu adawa kuma ba iri ɗaya ba ne. Wasu suna cewa matakin ya ɗora laifi a ɓangare guda, ya manta da hare-haren ƙunar baƙin wake da rokoki, balle harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023 da ya kashe kimanin mutum 1,200. Wasu suna tuna cewa Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana zaluntar Yahudawa, kuma 'yan Nazi da ƙaurace wa shagunan Yahudawa suka fara a 1933, don haka coci ta yi hattara. Wasu na ganin idan ka sayar da kasonka ka rasa bakin magana a taron kamfani, gara a zuba kuɗi a sana'o'in Falasɗinawa. Akwai kuma masu fassarar Littafi Mai Tsarki da ke ganin goyon bayan Isra'ila wajibi ne na addini. Su ma Yahudawan Amurka kansu ya rabu: manyan ƙungiyoyinsu sun yi adawa, amma ƙungiyar Jewish Voice for Peace ta mara wa janyewar baya.

Tambayar da na san 'yan kasuwa za su yi: yana ma tasiri kuwa? A lissafin kuɗi, kaɗan ne. A 2014 cinikin Caterpillar ya haura dala biliyan 55, dala miliyan 21 ɗin nan kuma kamfanoni uku suka raba. Kamar mutum ɗaya ne ya fasa sayen turmin atamfa a Kwari ana jajibirin sallah. Kuma hannun jarin da ka sayar, wani ne zai saya. Amma masu yi suna cewa suna ake taɓawa, kuma ƙananan masu jari ne ke share wa manya hanya. A Agustan 2025 asusun man fetur na gwamnatin Norway, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya, ya fitar da Caterpillar da bankunan Isra'ila biyar daga jarinsa.

Misalin da suke yawan kawowa shi ne Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, inda coci-coci da jami'o'i suka janye kuɗi, Bishop Desmond Tutu kuma yana kan gaba wajen kiran takunkumi. A nan Najeriya ma tana da nata tarihin. Gwamnatin Janar Obasanjo ta janye kuɗin gwamnati daga bankin Barclays saboda hulɗarsa da Afirka ta Kudu, bankin da ya koma Union Bank a 1979. A wannan shekarar ce kuma ta ƙwace kadarorin kamfanin mai na BP, aka mayar da shi AP. Iyayenmu sun sha mai a gidajen man AP, da yawa ba su san asalin sunan ba. Masu adawa dai suna cewa kwatancen bai yi daidai ba, rikicin biyu ba ɗaya ba ne.

Yanzu mu dawo gida. Daga Kwari zuwa Sabon Gari tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita, Fagge ce a tsakani. A coci-cocin Najeriya wannan gardama ba ta yi ƙarfi kamar ta Amurka ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne ziyarar ibada zuwa Urushalima, wadda ke da hukumar gwamnati tata, har Shugaba Jonathan ya je a 2013 yana kan mulki. Ita Najeriya ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta amince da ƙasar Falasɗinu a 1988, ta mayar da hulɗa da Isra'ila a 1992. Don haka ba abin mamaki ba ne ka ga Musulmi ya sa tutar Falasɗinu a hotonsa na WhatsApp, abokin cinikinsa Kirista ya sa ta Isra'ila, kowa yana ganin ɗayan abokin gaba.

Nan ne labarin yau yake da amfani. Ƙuri'a 310 da 303 a ɗaki guda, duk Kiristoci ne, littafi ɗaya suke karantawa. Wanda ya ce maka duk Kirista yana bayan Isra'ila, bai ji labarin Detroit ba, bai kuma san Kiristocin Baitalami ba. Kuma waɗannan mutanen ba su tashi da safe sun tura jerin sunayen kamfanoni a guruf ba. Sun bincika wane kamfani ne, me ya sayar, wa ya sayar wa, suka rubuta masa, suka jira amsa, sannan suka yi ƙuri'a. Mu kuwa sau nawa ake turo mana jerin kayan da za a ƙaurace wa, ba hujja ba tushe, a ƙarshe mai ƙaramin shago a unguwa ne kayansa ke kwantai?

Kano ta ga abin da rikicin addini ke yi wa kasuwa, manyanmu ba su manta da 1991 da 2004 ba. Mai kawo kaya daga Onitsha da Aba yana buƙatar Kwari, ɗan Kwari ma yana buƙatarsa. Idan zuciyarka ta ce ka cire kuɗinka daga wani wuri, haƙƙinka ne, amma ka fara da sanin inda kuɗin suke. Ma'aikacin da ake cire wa fansho duk wata, ka taɓa tambayar kamfanin fanshonka ina yake juya kuɗinka? Ka san akwai asusu na 6, wanda ba ruwansa da kuɗin ruwa, da za ka iya nema a mayar da kai?

Ku faɗa mana ra'ayinku a ƙasa: idan kai ne mai kaso a wurin dilan nan, za ka fita ne ko za ka zauna ka yi magana daga ciki? Amma don Allah a yi muhawara cikin mutunci, duk wanda ya zagi addinin wani za mu goge. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.